Gwaninta da Kirki: Nazari a kan Myra Hess, Makaɗiyar Fiyano ta Ingila

Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa gwaninta daban take, kirki kuma daban. Sau da yawa akan sami mai baiwa a hannu ko a murya, amma zama da shi sai mai haƙuri. Akan kuma sami mai kyakkyawan hali wanda sana'arsa ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka idan aka tarar da wanda ya haɗa duka biyun, ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, ko da ƙasarsa da irin kiɗansa sun yi nisa da abin da mai karatu ya saba ji. Wannan maƙala ta shafi wata mace 'yar Ingila mai suna Myra Hess, wadda ta rayu daga shekarar 1890 zuwa 1965, ta kuma yi fice a Turai da Amurka wajen kaɗa fiyano a gaban taro. Za a fara da bayyana yadda fiyano yake, domin a gane inda wahalar sana'ar take, sa'an nan a dubi yadda ta ƙware a kansa, daga bisani a kawo abin da ta yi wa mutanen Landan a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ake so a nuna shi ne, halin da ya sa kiɗanta ya yi armashi, watau iya sauraro da rashin ɗora kai a gaba, shi ne kuma ya sa ta zama abin dogaro ga jama'a a lokacin tsanani.

Fiyano da Wahalarsa

Wani maƙerin kayan kiɗa na birnin Florence a ƙasar Italiya, mai suna Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago fiyano wajen shekarar 1700. Asalin sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na Italiyanci masu ma'anar "a hankali" da "da ƙarfi", domin abin da ya bambanta shi da kayan kiɗan da suka gabace shi shi ne, makaɗi yana iya sassauta sauti ko ya ƙarfafa shi gwargwadon yadda ya taɓa. Fiyano na zamani yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Kowane madanni yana haɗe da wata 'yar guduma da aka lulluɓe da matsattsen ulu, idan aka danna sai ta tashi ta bugi tsirkiyar ƙarfe ta koma. Tsirkiyoyin sun haura 200, domin yawancin sautukan sama uku-uku ake ɗaura musu, kuma ƙarfin ɗaurinsu gaba ɗaya a babban fiyano yakan kusanci tan 20. A ƙasa akwai feda uku da ake takawa; ta dama, wadda aka fi amfani da ita, takan saki tsirkiyoyi su ci gaba da amsawa bayan an ɗage yatsa.

To, a nan wahalar take. Mai goge ko mai busa yana riƙe da sautinsa daga farko har ƙarshe, yana iya ƙara shi ko ya rage shi a tsakiya kamar yadda mawaƙi ke yi da murya. Mai fiyano kuwa da zarar guduma ta bugi tsirkiya, sautin ya fita daga hannunsa, kuma tun daga wannan lokaci ya fara mutuwa. Abin da ya rage masa kawai shi ne saurin da zai tura gudumar, da lokacin da zai danna, da lokacin da zai saki, da yadda zai yi da feda. Idan ana so jerin sautuka su fito a haɗe kamar muryar mai rera waƙa, tilas makaɗi ya saurari yadda sautin farko ya dusashe, ya auna na biyu daidai da shi, haka har ƙarshen layi. Wannan aiki na kunne ne kafin ya zama na yatsa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. A wannan irin kiɗa na Turai, makaɗi ba nasa yake kaɗawa ba. Matsara kiɗa irin su Bach da Mozart da Beethoven sun rubuta ayyukansu a takarda da alamomi, sun mutu sun bar su. Takardar tana faɗin sautin da za a taɓa da tsawonsa, amma ba ta iya faɗin komai da komai. Kamar dai rubutacciyar waƙa ce: mutum biyu za su karanta baiti guda, na ɗaya ya wuce ba a ji komai ba, na biyu ya sa tsikar jiki ta tashi. Gwanin fiyano shi ne wannan mai karatu na biyu, kuma amana ce a hannunsa, domin yana iya amfani da aikin wani don ya nuna saurin yatsunsa, yana kuma iya ɓoye kansa don aikin ya fito.

Tasowarta

An haifi Myra Hess a Landan ran 25 ga watan Fabrairu, 1890, a gidan Yahudawa, ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Ta fara taɓa fiyano tana 'yar shekara biyar, ta shiga makarantar kiɗa ta Guildhall, daga nan ta sami gurbin karatu a Royal Academy of Music, inda ta faɗa hannun malamin da ya gina ta, Tobias Matthay. Shi wannan malami ya wallafa wani littafi a 1903 a kan yadda ake taɓa fiyano, kuma jigon koyarwarsa shi ne kada ɗalibi ya sandare tsokar hannu yana dukan madannai, ya bar nauyin damtse ya sauka a kan yatsa, ya kuma san inda kowane sauti ya dosa tun kafin ya taɓa shi. Zumuncin da ke tsakaninsu bai yanke ba har rasuwarsa a 1945, kuma ko bayan da ta shahara takan koma wurinsa neman gyara, tana kiransa Kawu Tobs.

A shekarar 1907, tana da shekara 17, ta fito gaban jama'a a zauren Queen's Hall na Landan, inda ta kaɗa Konceto na Huɗu na Beethoven, watau irin kiɗan da fiyano ke musayar zance da babbar ƙungiyar makaɗa. Madugun ƙungiyar a ranar shi ne Thomas Beecham. Duk da yabon da ta samu, suna bai zo nan da nan ba, sai da ta shafe shekaru tana koyar da yara domin ta ci da kanta. Ƙasar Holan ta riga ƙasarta gane darajarta, sa'an nan a 1922 ta fara kiɗa a New York, kuma daga nan Amurka ta zame mata gida na biyu, tana zuwa rangadi kusan kowace shekara.

Inda Gwanintarta Take

Masu sauraronta sun haɗu a kan abu guda, cewa sautinta yana da taushi da cika, kuma ko da ta ƙarfafa shi ba ya zama hayaniya. Da ƙuruciya ta kaɗa ayyuka iri-iri, har da na matsara kiɗan zamaninta, amma da shekaru suka ja sai ta taƙaita a kan mutum kaɗan: Bach, Mozart, Beethoven, Schubert, Schumann da Brahms. Ta fi karkata ga ayyukan da ke bukatar natsuwa da zurfin tunani, kamar sonatocin da Beethoven ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa bayan ya kurumce, ta kuma kauce wa waɗanda amfaninsu kawai a ga makaɗi yana tsalle a kan madannai.

Misalin da ya fi bayyana salonta shi ne wani ɗan gajeren kiɗa da sunanta ya manne da shi. A 1723 Bach ya tsara wata waƙar coci a birnin Leipzig na Jamus, domin mawaƙa da masu goge da masu busa. Myra Hess ta ɗauko wani sashe nata ta mayar da shi kan fiyano, aka buga shi a 1926 da sunan Jesu, Joy of Man's Desiring. A cikin wannan kiɗa abu uku ke tafiya a lokaci guda: akwai ƙananan sautuka masu gudana uku-uku ba tsayawa, akwai karin waƙar kanta mai tafiya a hankali, wanda wani lokaci a tsakiya yake ɓoye, akwai kuma sautukan ƙasa masu riƙe da taki. Yatsu goma ne za su raba wannan aiki, har ma yakan zamana hannu ɗaya yana ɗauke da murya biyu, wani yatsa yana danna da nauyi, maƙwabcinsa yana shafawa kawai. Idan an kaɗa shi daidai, mai sauraro ba ya jin wahalar ko kaɗan, sai dai ya ji kamar mutum uku ne suke kiɗa, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya. Ga wanda ya iya wannan babu tafin da saurin yatsa ke jawowa, domin duk ƙoƙarinsa ya tafi wajen ɓoye ƙoƙarin.

Haka kuma ba ta ɓoye rauninta ba. Al'adar manyan makaɗan fiyano ita ce su kaɗa da ka, ba takarda a gabansu, kuma ana ganin wannan alamar ƙwarewa ce. A shekarunta na baya, da ta ga fargabar mantuwa tana neman ta ɓata mata kiɗa, sai ta riƙa ajiye takarda a gabanta a bainar jama'a. Ta gwammace a ce ta rage ado, da a ce an tauye haƙƙin Mozart ko Beethoven.

Yaƙi da Gidan Zane-zane

Ran 3 ga watan Satumba, 1939, Ingila ta shiga yaƙi da Jamus. Domin tsoron harin jiragen sama, hukuma ta rufe gidajen wasan kwaikwayo da na silima da zaurukan kiɗa, aka kuma hana haske da dare, birnin Landan ya koma duhu ɗungum. A daidai wannan lokaci Myra Hess tana da shirin rangadi a Amurka, inda kuɗi da kwanciyar hankali ke jiranta, amma ta soke tafiyar ta zauna. Abin da ya dame ta iri biyu ne: jama'a suna cikin zullumi ba su da abin da zai sanyaya musu rai, makaɗa kuma ɗaruruwa sun wayi gari ba aikin yi.

A Dandalin Trafalgar, tsakiyar Landan, akwai babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa da ake kira National Gallery. Kwanaki kaɗan kafin yaƙi an kwashe zane-zanen an kai su yankin Wales, inda daga baya aka ɓoye su cikin wani ramin haƙar dutse, ginin ya zama fanko. Sai ta tuntuɓi shugaban gidan, Kenneth Clark, ko za a yarda a riƙa yin kiɗa a ciki. Ya karɓi shawarar hannu bibbiyu, har ya ce a yi kullum. Aka tsayar da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin hutun cin abinci na ma'aikata, domin kowa ya koma gida kafin duhu.

An yi zaman farko ran 10 ga watan Oktoba, 1939. Ita kanta ta kaɗa a ranar, don tana ganin idan abin bai karɓu ba, gara kunyar ta tsaya a kanta. Tana zaton 'yan tsirarun abokai ne za su zo, sai ga layi ya kewaye ginin, kimanin mutum dubu suka shiga, wasu a kujera, wasu a ƙasa, wasu a tsaye, aka kuma mayar da wasu da dama. Akwai akawuna da 'yan kanti da sojoji, kowa rataye da jakar abin rufe fuska na tsoron iskar guba. Daga cikin abin da ta kaɗa akwai sonatar Beethoven da ake kira Appassionata.

Daga wannan rana aka ci gaba, Litinin zuwa Juma'a, har shekara shida da rabi. Gwaji mai tsanani ya zo daga watan Satumba na 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai dare bayan dare. Aka saukar da taron zuwa wani ɗaki na ƙarƙashin ginin, mai sanyi da laima, makaɗa suna kiɗa da manyan rigunan sanyi a jikinsu. Tsakanin Oktoba 1940 da Afrilu 1941 bam ya faɗa wa ginin sau tara. Wata rana da aka gano bam wanda bai tashi ba, sai aka ɗebi masu sauraro aka tsallaka da su ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ke gefen dandalin, aka yi kiɗan a can. Wata rana kuma bam ya tashi a wani ɓangare na ginin ana tsakiyar kiɗan Beethoven, makaɗan huɗu ba su tsaya ba. Zauren Queen's Hall, inda ta fara fitowa tana budurwa, ya ƙone ƙurmus a watan Mayu na 1941. Duk da haka taron ƙarfe ɗaya bai yanke ba.

Yadda Kirkinta Ya Bayyana

Jaruntaka abu ne da ake gani daga nesa, amma kirki sai an duba tsarin da aka bi. Na farko, kuɗin shiga sule ɗaya ne, abin da ɗan aike ko mai buga tafireta zai iya biya. Mutane da yawa da suka ɗauka irin wannan kiɗa na attajirai ne, a nan suka fara jin sa. Na biyu, kowane makaɗi ana biyansa fam biyar da sule biyar, ko mashahuri ne ko ɗan koyo wanda jiya ya bar makaranta. Na uku, ita kanta ta kaɗa kusan sau 150, ba ta karɓi ko kwabo ba. Rarar kuɗin da aka tara, kimanin fam 16,000, an zuba ta a asusun taimakon makaɗa mabukata. Tare da abokin aikinta, matsarin kiɗa Howard Ferguson, ta riƙa tsara abin da za a kaɗa kowace rana, tana sauraron matasa masu neman dama, tana sa waɗanda suka cancanta a jeri ɗaya da manya. Wasu mata 'yan sa-kai kuma suka buɗe wurin sayar da burodi da shayi, domin kada wanda ya zo jin kiɗa ya koma aiki da yunwa.

Akwai wani fanni na halinta da ya fi waɗannan nauyi. Yawancin kiɗan da ake yi a wurin na Jamusawa ne da mutanen Ostiriya, watau ƙasashen da jiragensu ke rusa birnin, ita kuwa Bayahudiya ce, kuma ba ta jahilci abin da gwamnatin Hitler ke yi wa Yahudawa ba. Amma ba ta yarda a ɗora wa Bach ko Beethoven laifin 'yan Nazi ba. Wata shahararriyar mawaƙiya Bajamushiya, Elena Gerhardt, wadda ta baro ƙasarta a 1934 ta zauna a Landan, ta hau wannan dandali ta rera waƙoƙi da harshen Jamusanci, Myra Hess tana kaɗa mata fiyano, jama'a kuma suka karɓe ta da girmamawa. Raba tsakanin azzalumar gwamnati da al'adun mutanenta a lokacin da jini ke zuba, ba ƙaramin adalci ba ne.

Wanda yake son ya ga yadda wurin yake, yana iya duba wani ɗan gajeren fim na 1942 mai suna Listen to Britain. A ciki an nuna ta tana kaɗa konceton Mozart tare da makaɗan rundunar mayaƙan sama, matar Sarkin Ingila tana zaune cikin masu sauraro, ga sojoji da ma'aikata a tsaitsaye jikin bango, inda firam-firam na zane suke rataye babu komai a cikinsu. Tun a 1941 Sarki George na Shida ya ba ta sarautar Dame, wadda ita ce daidai da Sir ga maza. An yi zaman ƙarshe ran 10 ga watan Afrilu, 1946, bayan zane-zane sun dawo mazauninsu. Jimillar zaman da aka yi 1,698 ne, waɗanda suka halarta kuwa 824,152, watau kimanin mutum 485 a kowane zama.

Shekarun Ƙarshe

Bayan yaƙi ta koma rangadinta. A 1946 ta kaɗa a New York tare da madugu Arturo Toscanini, a farkon shekarun 1950 kuma ta yi kiɗa da Pablo Casals, gwanin babban goge, a bikinsa na kudancin Faransa. Ba ta son ɗakin ɗaukar faifai, domin a ganinta kiɗa zance ne da mutane, babu kuwa wanda za a yi zance da shi a ɗaki rufaffe. Wannan ya sa faya-fayanta ba su da yawa, kuma waɗanda aka ɗauka a gaban taro sun fi nuna zafinta da kuzarinta. Ta koyar da 'yan ɗalibai kaɗan, daga cikinsu akwai Stephen Kovacevich, wanda ya baro Amurka yana saurayi don ya yi karatu a wurinta, ya kuma zama gwani a kan Beethoven. Ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki suka tilasta mata barin dandali a 1961, ta rasu a Landan ran 25 ga watan Nuwamba, 1965, tana da shekara 75. A 1977 aka kafa wani taron kiɗa na tsakar rana da sunanta a birnin Chicago, kyauta ga kowa, domin ba matasan makaɗa dama, bisa tsarin da ta bari.

Kammalawa

Idan aka jera abubuwan da aka ambata, za a ga zare ɗaya ne ya ratsa su. Makaɗiyar da ta koyi sauraron sautin da ke dusashewa kafin ta taɓa na gaba, ita ce ta ji bukatar birnin da aka rufe wa zauruka. Wadda ta saba ba kowace murya haƙƙinta a cikin kiɗan Bach, ita ce ta biya ɗan koyo daidai da mashahuri, ta kuma ba mawaƙiyar ƙasar abokan gaba wuri a dandalinta. A zamaninta akwai waɗanda suka fi ta saurin yatsa da ƙarfin hannu, kuma tarihin kiɗa bai manta da su ba. Abin da ya keɓanta da ita shi ne, ta ɗauki sana'arta a matsayin amana tsakanin wanda ya rubuta kiɗa da wanda ya zo ji, ta tsaya a tsakaninsu ba ta tare hanya ba. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sule ɗaya da akawun Landan ya biya a 1939 ya buɗe masa ƙofar da ya daɗe yana zaton ba tasa ba ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa sun zama masu sauraron kiɗa har ƙarshen rayuwarsu.